Ku Tambayi Malam: Me ya sa a Jos layin Masallacin Juma'a ya miƙe, lungun Gangare ya murɗe?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin da suka shigo wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato maganar titi da layi da lungu, shi ya sa na tara su nan gaba ɗaya. Masu tambaya kan rabon gidan gado ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni ɗan keke ne kullum ina tsakanin Terminus da Bauchi Road da Farin Gada, abin da yake ɗaure min kai shi ne in na shiga cikin gari wajen Masallacin Juma'a layuka a miƙe suke sambal ka shiga ta nan ka ɓulla ta can, amma da na gangara Gangare ko na kutsa can cikin Unguwar Rogo sai lungu ya yi ta murɗewa wani ma ka bi shi ka ƙare a ƙofar gidan mutane dole ka dawo da baya fasinja na ta masifa. Wai waye ya tsara wancan ya manta da mu?
Daga wani ɗan keke, Gangare

AMSA: Ƙanena sannu da fama, kuma wallahi abin da ka gano daga kan keken nan shi ne wasu suke biyan kuɗin makaranta su zauna a aji a koya musu. Duk unguwar da ka shiga tambaya ɗaya za ka yi mata, wa ya riga isowa nan, safiyo ko masu gini? In safiyo ne ya riga, ya ja layi ya kafa fegi tun ba a aza tubali ko ɗaya ba, to za ka ga layuka a miƙe suna gicciye juna, fulotai kusan kai ɗaya. In kuwa mutane ne suka riga, wannan ya kafa ɗaki kusa da ɗan garinsu, wancan ya zo ya jingina da katangarsa, aka bar 'yar hanyar da za a bi a ɗebo ruwa ko a je masallaci, to 'yar hanyar ƙafar nan ita ce ta zama lungun da kake fama da shi yau. Kuma duk kwanar da ta yi akwai dalili, dutse ta kauce wa ko rami ko rijiya ko gonar wani, abin da ta kauce wa ɗin ma wataƙila ya ɓace shekara hamsin da suka wuce amma kwanar tana nan.

Jos kuwa ai kuza ce ta tara mu. Tun kafin Bature ya zo mutanen Liruwe sun san aikin narkar da kuza, Birom da Anaguta da Afizere kuma suna zaune a ƙauyukansu da gonakinsu a kan tudun nan. Wajen 1904 wani injiniyan kamfanin Neja mai suna Laws ya kafa sansani a Naraguta, kafin ka ce kwabo kamfanoni sun cika wurin, leburori da 'yan tireda da mahauta da masu jakai suna ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi da Borno. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, a 1915 kuma aka yanka garin a hukumance. Layukan nan da kake jin daɗin bi da keke tun daga wannan yankan suka samo asali. Kar ka ɗauka don ƙaunarmu Bature ya miƙar da su, layi miƙaƙƙe ya fi sauƙin ƙirga gidaje a karɓi haraji, duba-gari ya bi gida gida bai tsallake kowa ba, ɗan doka kuma ya tsaya a bakin layi ya hango ƙarshensa.

Sannan garin ba dunƙule ɗaya aka yi shi ba. Akwai cikin gari da aka bari a hannun hukumar gargajiya, wato En'e, akwai ɓangaren kantunan kamfanoni da akawuna da Kwarori da 'yan kudu wanda Bature ke riƙe da kansa a ƙarƙashin dokar garuruwa ta 1917, sai kuma unguwar Turawa. A tsarin Gwamna Lugga ana so a bar fili fetal na yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata, wai don kar sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu, shi ya sa a garuruwa da yawa na Arewa za ka tarar da filin sukuwa ko na folo ko na golf a zaune daram tsakanin unguwar Turawan, wato GRA, da gari. Ka hau wajen Hill Station ko ka je Rayfield ka duba da kyau, titi mai faɗi yana lanƙwasa a hankali yana bin tudu, mahaɗa kaɗan ce, fuloti ɗaya sai ya ci gidajen Gangare da yawa, ga dogayen bishiyoyi. An yi shi ne yadda wanda ba shi da abin yi a wurin ba zai ratsa ba, har yau ma ai ka san ba ka samun fasinja a can kamar yadda kake samu a Zololo.

Ita Gangare tsohuwar unguwa ce ta masu neman abinci a harkar kuza, ga ta kan gangara a gefen rafin Dilimi, ƙafa ce ta tsara ta. Amma murɗewar unguwannin da suka zo daga baya irin su cikin Unguwar Rogo da bayan Rikkos daban take, in ka lura. Jos ta zama hedikwatar jihar Binuwai-Filato a 1967, jami'a ta tsaya da ƙafarta a 1975, mutane suka yi yawa gwamnati ba ta yanka fili ta ishe su ba, sai aka koma sayen gonaki ana awon igiya. Kowane mai gona ya yanka tasa yadda zai fitar da fulotai da yawa, ya bar ɗan layi a tsakiya, na kusa da shi ma ya yi nasa ba tare da ya duba ina layin maƙwabcinsa ya fuskanta ba. Shi ya sa za ka bi layi a miƙe gida shida ko bakwai ka ce alhamdulillahi, kwatsam sai ka ci karo da katanga. Iyakar gonar wani ka iso.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a jami'ar Jos ajin ƙarshe, malaminmu ya ba ni aikin bincike kan yadda unguwarmu ta bunƙasa kuma ya ce in yi amfani da tsarin tituna, ni kuma ba ni da tsohuwar taswira ko ɗaya, dan Allah ta ina zan fara? Kuma da gaske ne ana iya gane shekarun unguwa daga titi kawai?
Daga wata ɗaliba, Nasarawa Gwom

AMSA: Ƙanwata kwantar da hankalinki, taswirar yau ɗin nan da ke cikin wayarki ita ma tsohuwa ce in kin iya kallonta. Wani masani Bajamushe da ya zauna a Ingila, Conzen, ya yi nazarin wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Alnwick ya fitar a 1960, kuma abin da masu wannan fanni suka riƙe daga wurinsa shi ne kayan gari ba tare suke tsufa ba. Abin da ake yi a cikin gini shi ke saurin canzawa, yau gidan zama gobe kemis jibi shagon cajin waya. Ginin kansa yakan daɗe fiye da haka, iyakar fuloti ta fi gini daɗewa, titi kuwa shi ne na ƙarshen mutuwa, don kafin ki kawar da layi ɗaya sai kin yi rigima da duk gidajen da ƙofarsu ke kallonsa.

Ga misali a gabanki. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, yau sama da shekara ashirin, amma hanyoyin garin nan har gobe can suke zubewa, ciniki ya fito daga cikin gini ya baje a bakin titi ya ƙi barin wurin. Babban layin dogo da ya iso ta Kafanchan a 1927 ya daɗe bai ga jirgi yadda ya kamata ba, amma ki duba yadda ya raba unguwanni, layuka suna zuwa bakinsa su tsaya cak sai a 'yan wuraren tsallakawa. Ko ki ɗauki Kano, ganuwa ta zube a wurare da yawa, amma titin BUK gefenta yake bi, kuma hanyoyin shiga birni har yanzu ta ƙofofin nan suke matsewa, Na'isa, Gadon Ƙaya, Kabuga, Ƙofar Mata, su nufi Kurmi da gidan sarki. Can Turai ma haka ne, a Viyana ta ƙasar Ostiriya sarki ya ba da umarnin rushe ganuwar birnin a 1857 aka shimfiɗa ƙaton titi a gurbinta, duk wanda ya kalli taswirar garin yau zai ga zoben.

Yadda za ki yi aikin kuwa, ki buɗe OpenStreetMap ko Google Maps ki buga taswirar unguwar a babbar takarda, ki samo biro kala uku. Mahaɗar da hanya huɗu suka gicciye ki sa mata kala ɗaya, mai hanya uku wata kalar, lungun da ya toshe wata kalar. Kafin ki gama za ki ga kalolin sun ware kansu, inda mai huɗu ta yi yawa safiyo ya riga, inda mai uku da toshewa suka yi yawa mutane suka riga. Daga nan sai ki nemi ɗinki. Gari kamar riga ce da aka yi ta ƙara mata ƙyalle duk sanda mai ita ya ƙara ƙiba, inda ƙyalle biyu suka haɗu dole ki ga zare, wato inda layuka suka canza fuska gaba ɗaya, ko faɗin titi ya ragu farat ɗaya, ko kwalta da lambatu suka ƙare. Nan ne gari ya taɓa tsayawa, kuma sau da yawa a daidai nan za ki tarar da maƙabarta ko tsohuwar tashar mota ko mayanka ko filin idi, abubuwan da ake kaiwa bayan gari a da, yanzu gari ya haɗiye su. Google Earth na kwamfuta yana da wurin da ake ja a koma hotunan shekarun baya, zai nuna miki gonakin da suka zama gidaje a kan idonmu. Na zamanin Turawa kuma fayilolin lardin Filato suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Akwai kuma masu yi da lissafi. Bill Hillier da abokan aikinsa a Landan, tun shekarun 1970 zuwa 1980, suka fito da hanyar da ake ƙirga sau nawa mutum zai sha kwana kafin ya iso wani layi daga duk sauran layukan gari, layin da aka fi isa da ƙarancin shan kwana shi ke jan ƙafa, inda ƙafa ta yi yawa kuma nan shaguna ke tsirowa. Ni dai nakan ce mai shayi da mai tsire sun riga su sani, ba za ki taɓa ganin sun kafa tebur a lungun da ya toshe ba. Ki ƙirga masu shayin unguwarku ki sa su a taswirar, malaminki zai ji daɗi.

Batun shekaru kuma a'a, titi kaɗai ba ya ba da shekara, wanda ya riga wani kawai yake nunawa. Layin da aka yanka a 1915 da wanda gwamnatin jiha ta yanka a shekarun 1980 duk a miƙe suke daga sama, sai kin sauka ƙasa kin duba girman fuloti, da irin ginin, da kwanon rufi, da ko akwai siririn layin nan na bayan gidaje da ake bari a tsarin Turawa saboda masu kwasar bokitin bayan gida da dare, irin wanda ake gani a Sabon Garin Kano da cikin Kaduna. Sauran kuma a bakin tsofaffi yake, ki tambaye su me ke nan wurin sanda suka zo, kar ki tambaye su shekara. Kuma dan Allah kafin ki fito da tef kina auna layin mutane ki fara zuwa gaida mai unguwa da takardar makaranta a hannu, in ba haka ba kafin la'asar labari ya zaga cewa rusau na tafe.

TAMBAYA: Malam me ya sa Jos ta yi tsawo haka ba faɗi? Daga Bukuru zuwa Terminus kullum hanya ɗaya muke bi kullum gosulo.
Daga wata mai sayar da atamfa, Bukuru

AMSA: Hajiya duwatsu da kuza ne suka yi mana haka. Jos da Bukuru garuruwa biyu ne daban, kusan kilomita 15 tsakaninsu, dogo da titi suka haɗa su, sai masana'antu da ofisoshi da gidaje suka yi ta jeruwa a bakin hanyar har suka haɗe, irin su Anglo Jos da kamfanin NASCO da ya fara a shekarun 1960 duk a kan wannan layin suke. Gefe da gefe kuma ko dai dutse ne, ko fili ne da ke hannun kamfanonin kuza a lokacin ba mai ikon gini a kai, ko kuma ramuka da tafkuna da tsibin ƙasar da suka tafi suka bari bayan kasuwar kuza ta faɗi. Da gari ya zo faɗaɗa sai ya riƙa tsallake su, unguwa nan unguwa can, kowacce da 'yar hanyarta guda da ke fitowa babban titi, ba ta haɗu da ta maƙwabciyarta ta baya ba. To mai zuwa nesa da mai zuwa nan kusa duk sai sun fito titi ɗaya, ga gosulon naki. Faɗaɗa titin yana rage zafi na ɗan lokaci, amma ni a ganina ƙananan hanyoyin da za su haɗa unguwa da unguwa ta baya sun fi gadar sama amfani, sai dai ba su da daɗin ɗaukar hoto ranar buɗewa.

TAMBAYA: Malam ni ɗan Jos ne aiki ya kai ni Abuja, ofis a Garki kwana a Mararaba. Ni a ganina wannan karatun titin a tsofaffin garuruwa kawai zai yi aiki, Abuja ai a takarda aka zana ta rana ɗaya, wane tarihi titinta zai bayar?
Daga wani ma'aikacin gwamnati, Mararaba

AMSA: Yallaɓai ai Abuja ta fi ko'ina sauƙin karantawa, don akwai abin da aka zana akwai kuma abin da ya faru, kai da kake tashi da asuba kana bin Nyanya kana cikin na biyun. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala ta kafa dokar sabon babban birni bayan rahoton kwamitin Mai shari'a Aguda, kwana goma bayan nan aka kashe shi. Wani gungun kamfanonin Amurka da ake kira IPA ya miƙa babban tsarin a 1979, Kenzo Tange na Japan ya zana tsakiyar birnin, Babangida ya tare a ranar 12 ga Disambar 1991. Tsarin na mota ne tun daga tushe, babbar hanya ta sauke ka a matsakaiciya, ita kuma ta sauke ka a ƙaramar da ke zagayawa ta dawo ko ta toshe, shi ya sa gidan da kake hangowa da ido sai ka yi tafiyar minti goma a mota kafin ka isa ƙofarsa, mai tafiya a ƙasa kuwa Allah ya ba shi haƙuri.

Amma ko a cikin abin da aka zana ɗin akwai zamani zamani. Eriyoyin Garki da zon zon ɗin Wuse su ne na farko, gidajen ma'aikata ne jere a matse, an yi su ne don a samu inda za a zuba waɗanda aka kwaso daga Legas. Maitama da Asokoro manyan fulotai ne da tituna masu lanƙwasa, jikokin GRA ɗin Bature ne sak. Gwarinpa ta zamanin Abacha ce, dogayen tituna masu lamba. Daga shekarun 2000 kuma da aka sakar wa 'yan kasuwa ginin rukunin gidaje sai ka ga irin Lokogoma da gefen Lugbe, kowane rukuni da katangarsa da get ɗaya, layukan ciki a miƙe tsaf amma duk a jikin katanga suke ƙarewa, awon igiyar masu kuɗi kenan. Sunaye ma suna tona asiri, Maitama kogunan duniya, Asokoro shugabannin Afirka, Wuse 2 biranen Afirka, ka san a tebur ɗaya aka zauna aka raba su, ba kamar Sharp Corner ɗinku ta Mararaba ba da bakin direbobi ya raɗa.

Sai ka buɗe hoton sama ka duba tsakiyar Garki 2, ana cikin layuka masu kyau kwatsam sai ga wani dunƙulen rufin kwano a cukuɗe da lunguna sirara, ƙauyen Garki kenan na Gbagyi, yana nan tun kafin a yi mafarkin birnin. Haka za ka gani a Durumi da Mabushi da Daki Biyu ta Jabi. Niyyar farko ita ce a kwashe mutanen yankin gaba ɗaya, an kwashe wasu kamar mutanen Wuse da aka kai Sabon Wuse a jihar Neja, kuɗin diyya ya yi nauyi aka sassauta, titi ya zo ya zagaye sauran ya wuce. Nyanya sansanin leburorin da suka gina birnin ce, na wucin gadi wai. Mararaba kuwa tana jihar Nasarawa, hannun hukumar Abuja bai kai can ba, fili da haya sun fi araha, rusau ɗin zamanin el-Rufai tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo jama'a, sai gari ya tashi a jikin titin Keffi, layukan ƙasa suna fitowa dama da hagu kowanne na neman bakin kwalta, ba mai haɗuwa da ɗan'uwansa. An zana birni na mutum kimanin miliyan uku ba a yanka wa direba da mai gadi da ƙaramin akawu inda za su iya biya ba, wannan dogon layin motocin da kake shiga daga Kugbo zuwa AYA shi ne shaidar.

TAMBAYA: Malam muna da gardama a majalisarmu. Wasu sun ce tunda layukan cikin gari su ne mafi tsufa a taswirar Jos to wannan ya isa hujjar waɗanda suka kafa garin, wani abokinmu kuma ya ce ai gonakin kakanninsu ne aka yanka. Taswira za ta iya raba mu?
Daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, Dogon Dutse

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, ku yi haƙuri amma taswira ba za ta raba ku ba, kuma duk wanda ya zo muku da ita a matsayin alƙali ku ce ya mayar aljihu. Abin da za ta iya faɗa shi ne wannan layin ya riga wancan. Kuma ku tuna wanda ya zana tsohuwar taswirar abin da ya dame shi kawai ya sa, filin kuza, dogo, ofis, bariki. Ku je ƙauyukan Birom wajen Du ko Gyel ko Zawan ku ga tsofaffin hanyoyin nan sirara da ke bi tsakanin shingen kerana, irinsu sun girmi duk wata kwalta a tudun nan amma ba su dami mai zanen ba. Haka kuma waɗanda suka haƙa kuzar da hannunsu suka kafa kasuwa suka cika layukan nan da gidaje, sawunsu yana nan a ƙasa ba mai goge shi. Duk biyun za ku gani in kun duba da gaskiya, amma maganar wa ke da iko da me, wannan ta mutane ce da doka, an kafa kwamitoci an zauna a kanta ba sau ɗaya ba.

Akwai ma abin da taswira ba ta gani sam, kuma ku kun fi ni sani. Tun rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 mutane suka yi ta sayar da gidaje suna komawa cikin nasu, a takarda titin yana nan a haɗe yadda yake, kwamfuta za ta ce ai daga nan zuwa can minti biyar ne, amma ɗan keke ya san inda fasinja ke cewa sauke ni nan, ya san hanyar da ake zagayewa in gari ya ɗan yi zafi. Duk ɗalibin da zai rubuta yadda Jos ta canza a shekarun nan da taswira kaɗai, rabin labarin zai kawo.

TAMBAYA: Malam an nuna min fili a bayan Rikkos da araha, dillalin ya ce nan gaba babban titi zai bi ta gaban wurin, in saya?
Daga wata uwar marayu, Yan Shanu

AMSA: Hajiya Allah ya raya marayu, amma kar ki biya ko sisi tukuna. Ki je wurin da ƙafarki ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ba ranar da dillali ya zaɓa ba, ki ga ina ruwan yake bi, don a unguwannin awon igiya sau da yawa abin da aka bari a matsayin layi hanyar ruwa ce, da rani titi da damina rafi. Ba mu manta ambaliyar Yulin 2012 ba da ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da Gangare, waɗanda ke kusa da bakin rafi su suka fi shan wahala. Ki bi layin da ke gaban filin har ƙarshensa ta kowane ɓangare ki ga yana fita wani titi ko a katangar wani ya mutu, ki duba ko tankar ruwa za ta iya shiga ta juya, in ba za ta iya ba to motar kashe gobara ma ba za ta iya ba. Ki tambayi tsofaffin wurin ko an taɓa haƙar kuza a nan aka cike, irin wannan ƙasar tana zama da gini ta tsaga shi.

Maganar babban titi kuma ki samu ɗanki ko ƙaninki mai ɗan ilmi ku je hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, da ma'aikatar filaye ta jiha da lambar wurin, a duba muku ko akwai shi a tsari, kuma in akwai ta ina ya bi. In da gaske titi zai zo, to abu ne biyu, ko ya bi ta gaban filin ko ya bi ta kansa, dillalin kuma na farkon kawai zai faɗa miki.